Reshe Biyar a Bayan Kujera

Baba mai lambu yana da bishiyar mangwaro talatin da bakwai, kuma ya san halin kowace. Akwai mai saurin fure, akwai wadda yake kira Raguwa don sai ta ga dama take haihuwa. Dukkansu da hannunsa ya yi musu aure, wato ya yanko reshen mai daɗi ya ɗaura a jikin wata har su haɗe. Da lambun nan yake riƙe gidansa.

Autansa direban babbar mota ne mai ƙetare iyaka da kaya, kuma yana son ubansa kamar ransa. A wata tafiya ya sha wani mangwaro a can, ba zare, ƙwallon ɗan mitsitsi. Nan take Baba ya faɗo masa a rai. Ya roƙi mai gonar reshe biyar, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma.

A kan iyaka akwai ofishin masu duba tsirrai. Doka ta ce duk iri ko dashe ko reshe sai an nuna musu sun bincika, in lafiya lau su ba ka takarda. Auta ya ce a ransa, kafin su gama dube-dubensu ai reshen ya bushe. Sai ya cusa shi a bayan kujera, ya ɗora bargo.

"Direba, akwai tsiro ko iri?" in ji jami'in.

"Ranka ya daɗe, ni da ko barkono ban iya shukawa ba? Siminti ne zalla."

Suka yi dariya, aka ɗaga masa shinge.

Da ya iso gida ya durƙusa. "Baba, ga tsaraba."

Baba ya warware tsumman. "Kai Auta! Kowa na kawo wa ubansa hula, kai kirare ka kawo mini?"

Amma ya sunsuni reshen, fuskarsa ta washe. Ranar ko abincin rana bai tsaya ci ba. Ya ɗaura uku a lambunsa, biyu ya miƙa wa maƙwabcinsa Dogo ta kan darni, don a tsakanin masu lambu ba a hana maƙwabci reshe.

Reshen ya kama. Bayan 'yan makonni Baba ya ga wani abu fari kamar auduga a ƙarƙashin ganye. Ya murza da yatsa, ashe ƙwari ne. Sannu a hankali ganyaye suka yi baƙi, suna danƙo, tururuwa na hawa da sauka.

"Malam, a kira malaman gona mana," in ji Inna, matarsa.

"In sun zo, sara za su yi. Reshen da yarona ya ɗauko mini daga uwa duniya? Bari dai in gwada toka."

Ya gwada toka, ya gwada ruwan sabulu. Wata biyu yana wanke ganye ɗaya bayan ɗaya har kafaɗarsa ta daina ɗaguwa. Ƙwarin kuwa sai gaba suke yi. Fure ya zube, Raguwa ma ba ta tsira ba. Kafin a ankara lambu tara sun kamu. Dogo ne ya gaji ya kai rahoto.

Wata jami'a ta zo da ɗan gilashinta na duba ƙwari. Ta daɗe tana juya ganye, Auta na tsaye a gefe.

"Baba, ƙwaron nan baƙo ne, ba mu taɓa ganinsa a nan ba. Ta ina ya shigo?"

Baba ya kawar da kai. "Iska ce, 'yata. Iska ba abin da ba ta kawowa."

"Ba iska ba ce," in ji Auta. "Ni ne. A bayan kujerata ya shigo."

Jami'ar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka nuna mana, a kan teburinmu zai ƙare. Da kuma kun kira mu ranar da kuka fara ganinsa, bishiya uku kawai za mu sare a lambun nan. Yanzu ya shiga ko'ina. Ka yi haƙuri, Baba, duka ne."

Kwana huɗu ana sara ana ƙonawa. Aka hana fitar da mangwaro ko dashe daga yankin. A nan ƙwaron ya tsaya, lambunan ƙetaren kogi ko ɗaya bai kamu ba. Auta ya amsa hukuncinsa a ofis, amma bai kai masa zafin haɗa ido da Dogo ba.

Ranar ƙarshe ya tarar da Baba zaune a kan kututture, rana na dukansa, babu inuwa ko ta tafin hannu. Ya zube a gabansa yana kuka.

"Baba, na kashe maka lambu."

Tsohon ya dafa kansa. "Kai ka ɓoye na yini ɗaya, ni na ɓoye na wata biyu. Wa zai yi wa wani faɗa? Tashi. An ce in ƙasa ta huta za su ba mu dashe mai takarda."

"Shekara nawa kafin ya haihu?"

Baba ya dubi hannayensa, ya ɗan yi murmushi. "Kai dai za ka sha."

Jama'a, ba don a wahalar da mu aka sa dokar duba tsirrai ba. Tana tare ƙwaro, amma sai wanda aka nuna mata. Kada mu tsallake da iri ko reshe a ɓoye, ko don ƙauna ne, kuma in mun ga baƙon ƙwaro a gona mu faɗa tun yana kan bishiya ɗaya.