Kwakwar Buɗe Aiki

Da aka fasa kwakwar buɗe aiki a gaban kyamara, kamar yadda 'yan fim na Mumbai ke yi don neman sa'a, cikinta baƙi ƙirin ya fito. Masu fitilu suka kalli juna, ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauki ɓari.

"Ruɓaɓɓiya aka sayar mana, Yallaɓai," in ji furodusa, yana dariya har da dafa kafaɗar jarumin fim ɗin. "'Yan kasuwar Mumbai ai ko uwarsu sai su cuta."

Jarumin bai yi dariya ba. A da, 'yan mata kan sumbaci ƙurar motarsa. Yanzu ko ɓeraye ba sa shiga sinima kallonsa. Shi ya sa ya yarda yau zai diro daga saman gadar jirgin ƙasa da kansa, da furfurarsa da komai.

"Igiyar da za ta riƙe ni fa, an gwada ta?" in ji jarumin.

"Ni da hannuna! Kwantar da hankalinka. Wannan fim sai ya cika kowace sinima, na rantse."

Jarumin ya shiga motar furodusan ya sha ruwa kafin a ɗaura masa igiyar. A kujerar baya ya ga damin fostoci, tawadarsu ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya zaro ɗaya. Fuskarsa ce, yana murmushi, an zagaye hoton da sarƙar furanni, irin wadda ba a rataya wa hoton mai rai. A ƙasa an rubuta: "Fim ɗinsa na ƙarshe."

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

"Yallaɓai, kai ake jira."