Murfi na Bakwai

Injiniya ta ɗaga kwalbar ta maka ta da bango. Ba ta fashe ba, don roba ce, sai ta yi tsalle ta gangara ƙarƙashin teburi. Ma'aikata huɗu suka sunkuyar da kai.

Takardar ɗakin gwaje-gwaje ce ta iso, kuma maganar ɗaya ce da ta makon jiya: ƙwayoyin cuta sun tsiro a cikin jinin. Karo na shida ke nan.

Shekara uku tana kan wannan kwalbar ɗibar jini. Abin da ya sa ta fara, ɗan ƙanwarta ne. Yana jariri aka ɗebi jininsa, datti ya shiga kwalbar, aka yi ta ɗura masa allurai masu ƙarfi a kan cutar da ba ya da ita. Ya rayu, amma kunnuwansa sun mutu. Daga ranar ta rantse sai ta ƙera murfin da allura za ta huda ta fita ba tare da ko ƙura ta bi bayanta ba.

Abin da ke ƙona mata rai, idan aka zuba wa kwalbar tsabtataccen ruwan gwaji aka ajiye, sai ta yi mako tas. Da an ɗebi jini da ita kuwa, shi ke nan. Don haka ta yanke cewa a daidai lokacin ɗiba ake samun ɓarakar. Ta canja robar murfi, ta ƙara masa kauri, ta rage faɗin wuyan kwalba, ta sallami mai kawo mata roba da baƙar magana. Duk ranar Litinin nas ta zo ta ɗebi jini, a manna lamba maimakon suna, a aika. Duk Alhamis takarda ta dawo da mari.

Wannan karon an ƙara layi ɗaya a ƙasa: irin ƙwayar nan a bakin mutum take zama.

Ta juya a hankali ta dubi Kawu, ƙanen mahaifiyarta. Shekara ashirin ya yi yana dafa kayan tiyata a asibiti kafin ya yi ritaya, shi ya sa ta damƙa masa injin tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya hutawa. Ko da takunkumi a fuska sai ya ba da labari.

"Kawu, sau nawa zan ce a daina surutu a kan kwalabe?"

"'Yata, wallahi takunkumina bai taɓa sauka ba."

"To aljanu ne suka tofa miyau a ciki? Ajiye min makullin."

Tsohon ya tsaya yana kallonta. Ya cire farar rigar aiki, ya ninke ta da kyau, ya ɗora makullin a kai, ya fita. Da yamma mahaifiyarta ta kira sau tara, ba ta ɗauka ba.

Ta hana magana a ɗakin aiki baki ɗaya. Ita ta koma kan injin tururin, gumi na tsiyaya har cikin takalminta, tana zagin fankar da ba ta da amfani. Tun da aka cire mata haƙori wata biyu baya abinci ya daina yi mata daɗi, siket ɗinta har sai da ta kama shi da fil. Matakala goma sha biyu ce zuwa ofishinta, yanzu sai ta huta a ta shida, tana tsine wa magini.

Ranar Litinin nas ta zo. Ita ma ta sha nata faɗan: wai ba ta goge fata da kyau, tana taɓa murfi, tana numfashi kamar saniya.

"Anti, ni dai jikin nan naki..."

"Jikina ne ya huda murfin? Yi abin da ya kawo ki."

Tsohon likitan da ke shugabantar ɗakin gwaje-gwajen ya daɗe yana roƙon a haɗo masa da jini a kwalbar asibiti ta yau da kullum, ya kwatanta. Ta sha ce masa ba ta yi shekara uku tana wahala don a auna ta da tarkacen da ya kurmantar da yaro ba. Ranar dai ta yarda, don kawai ta rufe masa baki. Kwalba biyu suka tafi, tata mai murfi na bakwai da tasu.

Ba a kai Alhamis ba. Laraba da hantsi motar likitan ta tsaya a ƙofa, ya haye matakalar bibbiyu duk da tsufansa, ya banko ofis ba sallama.

"Ke da lambobinki! Wa ke ba ku jinin nan?"

"Me kuma murfin ya yi?"

"Murfinki bai taɓa yin komai ba. Duka kwalaben biyu sun tsiro, ƙwayar nan dai da muka gani sau bakwai a jere. Ba daga waje take shiga ba, a cikin jinin take, kuma ina tsoron ta kama zuciya. Ko waye, yau ɗin nan ya kwanta a asibiti, in ba haka ba ba na jin zai ga ƙarshen wata. Wane ne?"

Injiniya ta buɗe baki za ta yi masa tsawa kamar yadda ta saba, sai ta lalubi kujera ta zauna. Tun ranar farko, don kada wani ya ɓata mata aiki, hannunta take miƙa wa nas.