Ƙullun da Ya Ƙi Bin Lissafi

Mutanen wannan labari su ne jikana Mudassir, ɗalibin injiniya. Kakarsa Zubaida, mai markaɗa masa wake. Malaminsa, wanda ban riƙe sunansa ba. Sai ni Dikko, mutumin Kiru.

Mudassir ya kasa zaune ya kasa tsaye. Aikinsa na kammala jami'a shi ne lissafin tafiyar ƙullu mai kauri cikin bututu. Lissafi ya ce ƙullun wake ba zai motsa ba sai an matsa shi da ƙarfi. Amma kullum ya zuba, sai ya sulale kamar sabulu.

"Kaka, in wannan bai daidaita ba, sai na maimaita shekara," ya ce mini.

Daga ƙarshe ya rushe lissafin, ya gina sabo bisa zaton santsin halin bututun ne, ya aika. Malaminsa ya yaba, ya sa masa ranar kare aikin.

Washegari Zubaida ta leƙo ɗakin Mudassir. "Angona, man gyaɗa ya ƙare. Da me zan shafe cikin bututunka yau? Ko alala ba a zuba ta a busasshen gwangwani!"

Inda na kuskure, masu ilimi su gyara mini; da furfura na fara riƙe alƙalami.