Ɗigo Uku a Kunnen Kyanwa

Wani mahauci ya danne baƙar kyanwa da gwiwa a tsakar kicin. Likita ya ce in ba a ɗiga mata magani yau ba, kunnen ya mutu ke nan. Autar mahaucin kuwa kwana biyu tana kuka a kanta.

Kyanwar ta yage masa damtse. Ta kafa haƙora a babban yatsansa, jini ya malale a tayil. Bai saki ba.

“Bijimi ma na kayar, bare ke, 'yar banza!”

Ɗigo uku suka shiga. Ya sake ta, ta haure taga.

Sai ga auta a bakin ƙofa, rungume da wata baƙar kyanwa mai kaɗa kunne.

“Baba, me ka yi wa ta maƙwabta? Tawa ga ta nan.”