Tauraron Da Bai Kama Ba

"Shekara uku jami'a ba ta ɗauke ka ba, ka tsaya juya fasasshen tabarau!" Uban ya jefar da fartanya cikin kunyar gero. "Da tsakar rana me kake nema a sama?"

Saurayin ya juya gilashin a gaban idonsa, shuɗin sama ya yi duhu.

"Haske yake tacewa, Baba. A makarantar kimiyya aka ce da irinsa masana ke gano gajimare jikin wani tauraro."

"Wane tauraro kuma?"

"Wanda ya tara komai, amma nauyinsa bai kai wutarsa ta kama ba. Ɗumi kawai yake yi."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To, daga baya yakan kama?"