Numfashin Motar Manjo

Ɗigon mai ya faɗo wa Tsinke a goshi daidai lokacin da wasu manyan takalma suka ja birki a gefen motar.

Yana kwance rigingine a ƙarƙashin jif ɗin, sifana guda a hannu, tafinsa na hagu yana zogi inda ya yanke. Daga nan ƙasa duniya gaba ɗaya ƙafafu ce. Ta dama, takalman maigidan, Manjo mai ritaya, wanda har yau yake goge su kamar gobe fareti. Ta hagu, ƙafafun wani ƙaton kare da aka kwance daga sarƙa yanzun nan.

"Au, har an iso? Ban ji shigowarka ba," in ji Manjo. "Ashe ogan naku yana jin magana in an ɗaga masa murya."

"Barka da hutawa, yallaɓai," Tsinke ya amsa.

Manjo bai amsa gaisuwa ba, ya shiga karanto laifin motar. Mai yana tsiyaya ta cikin tayar baya, yana jiƙa birki. An canza sil, robar nan mai tare mai, an sake canzawa, an kuma canzawa. Shekaranjiya a gangaren hanyar gona ya taka birki motar ta yi masa kunnen ƙashi, saura ƙiris ya hau saniyar mutane.

Sai Tsinke ya ji ƙarar kwaɗo a ƙofar gida, sannan ƙarar makulli yana faɗawa aljihu. Aka jawo kujerar roba aka dasa.

"Yau babu mai fita daga gidan nan sai man nan ya tsaya. Kofur, zauna!"

Karen ya zauna, ya leƙo da kai, yana shinshinar wandon Tsinke cikin nazari, kamar mai neman tuna inda ya san shi.

Manjo ya buga wa mai gareji waya. "Yaronka ya zo. Kai ma ka biyo bayansa kafin azahar, ina son ganinka." Daga can aka fara wata tambaya, Manjo ya kashe wayar. Tun yana cikin kaki bai taɓa sauraron tambayar na ƙasa da shi ba, ba yau zai fara ba.

In akwai mutumin da Tsinke ba ya fatan gani a ranar, to mai garejin ne. Ya dubi inuwar motar. Ta soma tsukewa.

Ya matsa ya shafa bayan tayar, ya kai yatsa hanci. Warin ruɓaɓɓen ƙwai. Man aksul ne, ƙarfen nan da ke haɗe tayoyin baya, ba na birki ba, hancinsa bai manta wannan ba tun zamansa na yaron gareji. Amma sil sabon dal ba ya zubar da mai don nishaɗi. Wani abu ne yake turo man daga ciki.

"Uwargida! Kawo wa makanike ruwa, kada ya ce mun yi masa horo."

Silifa biyu suka zo suka ajiye kofi. "Bawan Allah, ka yi haƙuri da shi. Na wancan makon sai da magariba ya samu kansa."

Tsinke bai iya shan ruwan ba, don Kofur ya riga shi.

Inuwa ta ƙara janyewa. Zafin siminti ya fara cin bayansa, gumi yana shiga idonsa. Ya bi jikin aksul da yatsu, sannu a hankali, har ya taɓo ɗan bututun da ke samansa. Ta nan aksul yake numfashi in ya ɗauki zafi. Bakin bututun a liƙe yake ƙam da busasshiyar laka, an shafe ta sumul kamar aikin magini.

"Yallaɓai, a taimaka mini da siririyar ƙusa."

Ya soka, ya murza. Lakar ta farfashe, wasu matattun tsutsotsi suka zubo masa a ƙirji.

"Zanzaro ne ya yi gida a hancin aksul, yallaɓai. In mota ta yi zafi iska ba ta da hanyar fita, sai ta tura man ta gefen sil. Ko sau nawa aka canza, haka za ta yi."

Manjo ya sunkuya ya leƙa tsutsotsin. Wata da watanni yana yaƙi da makanikai, ashe abokin gabar bai kai ɗan yatsa ba.

"Fito."

Tsinke ya jawo jiki ya fito, fuskarsa baƙi ƙirin da mai, ko uwar da ta haife shi sai ta tambayi sunansa. Daga nesa ladan ya soma gwada lasifika.

"To yallaɓai, ni zan koma."

"Ka koma ina? Haka 'yan'uwanka suke yi mini, a tsaye lafiya lau, sai na hau hanya ta fara kuka." Manjo ya zaro makullin mota ya cusa masa a hannu. "Ka ce sai ta yi zafi, ko? Ɗauke ta, ka ba ta wuta sosai, ka yi nisa. Ni ina nan ina jiran ogan naka, yau zai san yaronsa ya fi shi kai."

Manjo da kansa ya buɗe kwaɗon, ya wangale ƙofa, ya riƙe Kofur, har yana yi wa Tsinke hannu kada ya gogi ginshiƙi.

A bakin layi jif ɗin ya gifta mai gareji a kan babur, yana sauri ya zo ya ji wane yaro ake magana, shi da bai aiko kowa ba. Tsinke ya danna masa ham na girmamawa, ya ƙara giya.

Shi da ya hauro katanga da sassafe don ya kwance tayar safaya guda ɗaya tak, ga shi an sallame shi da tayoyi biyar, har da abin da ke ɗauke da su.