Jarumin da Ba Ya Magana

Duk ranar da na taso daga aiki a gajiye, nakan tuna wata la'asar a gidanmu na East Greensboro. Shekarata tara, ina buga wasan bidiyon da jaruminsa ba ya magana. Baba ya dawo daga aikin sito, ya zube a kujera, ko takalmi bai cire ba. Na ba shi tarihin da na ƙirƙiro wa jarumin: dodo ne ya sace muryarsa.

Baba ya ce, "Ba dodo ba ne. A garinsu hedimasta ne. Nan kuwa, da ya buɗe baki sai a ce ya maimaita. Gajiya ya yi."

Na ji shi sarai, amma bakina ya riga ni. Da Turanci na ce, "Me?"

Bai maimaita ba.